Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Ƙwallon Ƙafa Ta Birazil: A Koma Kan Turbar Zagallo

Mai girma Shugaba Samir Xaud,

Muna gaisuwa da fatan alheri. Mu masu horar da matasa ne da masu nazarin ƙwallon ƙafa, kuma abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne marigayi Mário Zagallo, wanda ya rasu ranar 5 ga Janairun 2024 yana da shekara 92. Ƙasarku ta yi zaman makokinsa yadda ya kamata. Abin da muke ganin an bari a baya shi ne hanyar da ya bi ya tashi daga ɗan wasa ya zama koci, ga shi kuwa Birazil ba ta taɓa buƙatar wannan hanya kamar yau ba.

Ranka ya daɗe, mutane sun fi riƙe lissafin kofunansa: Kofin Duniya na 1958 da 1962 yana ɗan wasa, na 1970 yana koci, na 1994 yana dafa wa Carlos Alberto Parreira. Amma a duba yadda ya samu gurbin ɗan gefen hagu tun farko. Pepe na Santos ya fi shi ƙarfin harbi, Canhoteiro na São Paulo ya fi shi iya yanka. Kocin Birazil na 1958, Vicente Feola, ya ɗauki Zagallo ne saboda wata ɓaraka da ke cikin tsarin 4-2-4. Mutum biyu kacal ne a tsakiya, Didi da Zito, Garrincha kuma ba ya komowa tsaro. Da zarar an ƙwace ƙwallo, 'yan tsakiyar abokan hamayya uku sai su danne biyun nan. Zagallo ne ke sauka ya zama na uku, sannan ya tsare wa ɗan bayan hagu Nílton Santos gida idan ya haura gaba. Shi ya sa ake kiransa Formiguinha, wato 'yar tururuwa.

Wannan aiki yana da ƙa'ida, kuma har gobe yara na kuskurensa. Ɗan gefen da ya bi layi ya koma baya bai ƙara wa tsakiya kowa ba, ya dai je ya tsaya kan ƙafar lamba 3 nasa. Wanda ya nutse can kusa da gidan gola kuwa, idan an karɓo ƙwallo babu wanda za a miƙa wa a hagu, sai a yi ta dogon bugu ana mayar wa abokan hamayya. Daidai shi ne ya karkato ciki a daidai lokacin da ƙwallo ta kuɓuce, ya toshe hanyar miƙawa tsakanin ɗan bayansu da ɗan tsakiyarsu, ya kuma rage ƙarfin da zai sake fita da gudu. Zagallo ya haɗa biyun. A wasan ƙarshe na 1958, da aka doke Suwidin 5-2, shi ya ci ta huɗu, shi kuma ya ɗago wa Pelé ta biyar. A 1962 shi ya buɗe wa Birazil ci a wasan farko da Mekziko. A Flamengo ya ɗauki kofin jihar Rio sau uku a jere, 1953 zuwa 1955, ya ƙara biyu a Botafogo a 1961 da 1962.

Da ya ajiye takalmi a 1965, ba a miƙa masa babbar ƙungiya ba. Matasan Botafogo ya fara riƙewa, sai a 1967 ya hau kan manya, ya ci kofin jihar a 1967 da 1968, ya haɗa da Taça Brasil ta 1968. A nan ya yi aiki da Gérson da Jairzinho da Paulo César kullum safiya. Saboda haka lokacin da aka sauke kocin Birazil João Saldanha a Maris ɗin 1970, saura ƙasa da wata uku a fara gasa, Zagallo mai shekara 38 ɗin da aka kira ya riga ya san abin da zai taɓa. Ya janye Piazza daga tsakiya ya mayar da shi ɗan baya, ya sa Clodoaldo kusa da Gérson, ya ba Rivelino irin aikin da shi kansa ya yi a hagu, ya bar Tostão a gaba yana ja wa Pelé da Jairzinho fili. Aka kai 'yan wasa Guanajuato makonni kafin gasa don jikinsu ya saba da ƙarancin iskar tudu. Wasa shida, nasara shida, ƙwallo 19. A kalli cin kyaftin Carlos Alberto Torres a ragar Italiya a wasan ƙarshe: tun daga komowar Tostão baya don ƙwato ƙwallo, har zuwa yadda Jairzinho ya ja Facchetti zuwa ɗaya gefen ya bar dama a buɗe, duk shiri ne.

Ba mu ce bai taɓa faɗuwa ba. Holan ta doke shi 2-0 a 1974, Faransa ta yi masa 3-0 a wasan ƙarshe na 1998. A Najeriya kuwa ba a manta da gasar Olamfik ta 1996 ba, ranar da yaransa ke gaba da 3-1 suka saki tsakiya, Ikpeba ya rage, Kanu ya farke, ya kuma ƙarasa su a ƙarin lokaci. Wannan wasa ma darasi ne da ya cancanci shiga aji.

Daga baya hukumarku ta bar wannan turba. An naɗa Falcão a 1990, an naɗa Dunga a 2006, babu wanda ya taɓa horar da ko ƙaramar ƙungiya a cikinsu. Dunga ya ci Copa América a 2007, ba mu raina masa ba. Amma da Holan ta juya wasa a Kofin Duniya na 2010, aka kuma ba Felipe Melo jan kati, an ga kocin da bai taɓa gwada tsari na biyu a wani wuri ba. Da rarrafe yaro kan tashi. Yau kocin Birazil Carlo Ancelotti ne, ɗan Italiya, kuma 'yan Fotugal ne suka ɗaukar wa Flamengo da Palmeiras da Botafogo kofin Libertadores na zakarun Kudancin Amurka a 2019 da 2020 da 2021 da 2024. Filipe Luís, wanda ya bi ta 'yan ƙasa da 17 da 'yan ƙasa da 20 na Flamengo kafin ya ci Copa do Brasil a 2024, shi ne shaidar cewa tsohuwar hanyar tana aiki.

Roƙonmu na farko, kada a ba tsohon ɗan wasa lasisin horar da ƙungiyar Série A, babban rukunin Birazil, komai sunansa, sai ya yi kaka biyu cikakku da matasa. Babu amfanin hakan kuwa idan za a kore shi bayan wasa goma. Dokar 2021 da ta taƙaita korar koci zuwa sau ɗaya a kaka ta mutu ne saboda ƙungiyoyi sun riƙa rubuta cewa an rabu bisa yardar juna. A dawo da ita, a lissafa kowace rabuwa a matsayin kora, sai dai idan kocin ne ya tafi wata ƙungiya da ƙafarsa.

Muna kuma roƙon makarantar horar da kociyoyi ta hukumarku ta tattara hotunan bidiyon wasannin 1958 da 1962 da suka rage, a ware motsin Zagallo lokacin da ƙwallo ba ta ƙafarsa, a koyar da shi tun daga lasisin C. Sannan muddin Ancelotti na Granja Comary, filin atisayen tawagar ƙasa, a ajiye matasan kociyoyi 'yan ƙasa biyu ko uku a gefensa a kowane sansani, masu rubuta shirin atisaye da hannunsu, a riƙa sauya su daga sansani zuwa sansani.

Allah ya taimaki Shugaba.

Naku,
Wasu masu horarwa da masu nazarin ƙwallon ƙafa