Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2024

Assalamu alaikum 'yan uwa maza da mata.

Ma'aji ya so a buɗe rahoton nan da maganar kuɗi, Shugaba kuma ya ce a fara da tafiya don kada rai ya ɓaci tun a layin farko. Maganar Shugaba aka bi, amma ta Ma'aji tana nan tafe.

Tarukan wata-wata an yi su, ban da na Agusta da mutane ba su cika ba. Bayanansu suna zaurenmu na WhatsApp.

Babban abin da ya faru bana shi ne ayarin motocin-gida (manyan motocin da ake kwana da girki a cikinsu) da muka fitar a ƙarshen Yuni, daga Los Angeles zuwa gandun dajin Kings Canyon da Sequoia da Yosemite, sannan muka dawo ta garuruwan bakin tekun Kalifoniya. Waɗanda suka ga hotuna kawai suna cewa an yi sa'a. Alhamdu lillahi, amma sa'ar nan tun watan Fabrairu aka nemo ta. Wuraren zango na kwarin Yosemite ana sakin su ne a shafin intanet na Recreation.gov ranar 15 ga wata da ƙarfe bakwai na safe, wata biyar kafin lokaci, kuma kafin mutum ya gama kurɓar shayi sun ƙare. Ranar 15 ga Fabrairu 'yan kwamitin tafiya suka zauna kowa da kwamfutarsa da katinsa na banki, kuɗin aljihunsu suka sa, domin a lokacin asusun ƙungiya bai isa ba. Albarkacin wannan ne muka samu zangon Upper Pines, kuma albarkacinsa ba mu shiga wahalar neman izinin shiga da gandun ya gindaya wa masu zuwa da rana a bana ba, tunda mai zango a ciki an ɗauke masa.

Madugun tafiya ya cancanci yabo na musamman a kan zaɓin hanya. Wasu sun dage a shiga Sequoia ta ƙofar kudu saboda taswirar waya ta nuna ta fi kusa. Hukumar gandun kuwa tana ba da shawarar kada motar da ta wuce ƙafa 22 ta bi Generals Highway tsakanin Potwisha da Giant Forest, saboda kwanoni ne masu kaifi a jikin dutse, kuma motocinmu duk sun wuce haka. Madugu ya kafe a kan sai an zagaya ta Fresno a hau titin 180. An yi guna-guni a kan man da za a ƙona, amma da muka iso sama ba wanda ya sake ɗaga maganar.

Bishiyar General Sherman kuwa, hoto ba ya yi mata adalci. Tsayinta kusan mita 84, ta haura shekara 2,000, kuma a duniya babu bishiyar da ta kai ta yawan itace. Yaranmu masu surutu sun yi tsit a gindinta, abin da iyayensu suka kasa sa su yi tun daga Los Angeles. Dattawan da gangarar ta yi wa nisa sun hau bas ɗin gandun, wadda kyauta ce a lokacin zafi. Ina ba da shawarar duk mai zuwa ya yi haka, ya bar motar-gida a zango, don neman wurin ajiye ta a can ɓata rana ne.

Yosemite, wanda aka mayar gandun ƙasa a 1890 kamar Sequoia, mun shige shi ta titin 41. Ana fitowa daga ramin dutsen Wawona sai ga kwarin gaba ɗaya a buɗe, dutsen El Capitan a hagu ya miƙe wajen mita 900, dutsen Half Dome can nesa. Magangarar ruwan Yosemite, mai mita 739, tana zuba sosai, kuma dalilin zaɓen Yuni ke nan: narkewar ƙanƙara ce ke ciyar da ita, zuwa ƙarshen Agusta sau da yawa sai dai ka ga jiƙaƙƙen dutse. Masu cewa me ya sa ba a ɗaga tafiyar zuwa Agusta don su samu zuwa ba, ga amsarku.

Zaman zangon ya koya wa mutanenmu tattali. Babu wurin jona wuta ko ruwa a zangunan Yosemite, janareta kuma sau uku kawai ake yarda a tayar a rana, awa biyu-biyu. Tankin ruwan sha yana raguwa, na wanke-wanke da na bayan gida suna cika, dole a je wurin juyewa. Wannan aiki ba mai daɗi ba ne, kuma matasa biyu ne suka riƙe shi daga farko har ƙarshe ba tare da an roƙe su ba. Allah ya yi musu albarka. Iyayenmu mata su ma sun kiyaye dokar abinci saboda beyar: komai mai ƙamshi, har sabulu da man goge baki, ko dai cikin akwatin ƙarfe na zango ko cikin motar-gida a rufe tagogi. Ba a ci tarar kowa ba.

Daga nan muka gangara Monterey. Waɗanda suka yi dariya da aka ce a zo da rigar sanyi a watan Yuni sun sha mamaki, don hazo ne ke kwana a bakin tekun Pasifik a wannan lokaci. Yara sun wuni a gidan kifaye na Cannery Row, wanda aka buɗe a 1984 a inda a da ake cusa sadin a gwangwani. Mun bi titin 1 har gadar Bixby, ginin 1932, muka juyo. Na san akwai masu cewa an yi musu alkawarin bin gaɓar tekun Big Sur har ƙarshe. Ƙasa ce ta zaftare ta toshe hanyar a kudu tun Fabrairu, ba ta buɗe ba duk tsawon lokacin zafi, kuma kwamiti ba shi da buldoza. Mun koma titin 101, muka ratsa ta Paso Robles zuwa Cambria, muka ga garken manyan dabbobin tekun nan masu hanci kamar na giwa kwance a yashin Piedras Blancas, muka kwana a Morro Bay kusa da dutsenta mai mita 176, sannan Pismo Beach da Santa Barbara. Direbobinmu sun kiyaye ƙaramin giya a gangara don kada birki ya ƙone, kuma duk lokacin da motoci biyar suka taru a bayansu sai su ratse gefe kamar yadda dokar jihar ta ce. An tafi lafiya, an dawo lafiya, ko madubi ba a fasa ba.

Yanzu ga maganar Ma'aji. Waɗanda suka biya kuɗin shekara cikakke ba su kai rabin sunayen da ke rajista ba. Wasu sun biya wata uku suka ɓace. Wasu ana kiransu sai su ce an jima, an jiman nan har Disamba. Akwai kuma waɗanda ba mu gan su a taro ko ɗaya ba, amma su ne na farko wajen tambayar ina aka kai kuɗi. Littafin Ma'aji a buɗe yake, kuma ga inda kuɗin ya tafi: hayar motoci, wadda ake lissafa wa har mil da awoyin janareta, inshora, zango, katin shiga gandu na shekara dala 80 ga kowace mota, sai mai. Motar-gida da ƙyar take cin mil goma da galan ɗaya, a tsauni ma ba ta kaiwa. Har yau asusu bai gama mayar wa 'yan kwamitin da suka sa kuɗinsu a Fabrairu ba. Ba su yi ƙorafi ba, ni ne nake yi a madadinsu.

Saboda haka batun sayen motar-gida tamu ta hannu bai motsa ba, kuma ina roƙon a daina cewa kwamiti ya yi sakaci. An je an duba motoci, an kai makaniki. Wadda kuɗinmu ya kusa isa rufinta yana yoyo, kuma yoyo a irin wannan mota ruɓewar bango ne. Ko da an saya, akwai inshora da kuɗin wurin ajiya kowane wata, ko an hau ko ba a hau ba. Ƙungiyar da ba ta iya tara kuɗin shekara ba, da me za ta riƙe wannan?

Koyar da sababbin direbobi ma bai yiwu ba. A Kalifoniya lasisin mota na yau da kullum ya isa a tuƙa motar-gida har ƙafa 40, abin da ake bukata kawai sabo ne da ja da baya da kwana. An sa rana, an samu fili, masu koyarwa sun zo, masu koyo da suka rubuta suna ba su zo ba. Kundin hotuna kuwa yana jiran waɗanda har yanzu hotunan ke cikin wayoyinsu.

Taron Nuwamba ya amince ayarin baɗi ya nufi arewa, gandun Redwood mai bishiyoyin da suka fi kowace tsayi a duniya, wasu sun haura mita 110, tare da Eureka da Crescent City. Zangunan can suna buɗe rajista wata shida kafin lokaci, ba su ɗaukar dogayen motoci, don haka ƙanana za mu haya, kujeru kuma za su ragu. Wata shida kafin ƙarshen Yuni shi ne ƙarshen wannan watan da muke ciki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwamiti ya yanke cewa wannan karon babu mai sa kuɗin aljihunsa, kuma kujera ta wanda ya biya bashin 2024 ce tare da kafin alkalamin tafiya. Wanda yake cikin matsi ya ga Ma'aji a keɓe, za a rufa masa asiri kamar yadda aka saba. Sauran kuma lambar asusun ba ta canza ba.

Wassalam.

Sakataren Ƙungiya
Disamba 2024