Ashe Ba Jikina Ne Malalaci Ba

Ƙawata,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Na san kin yi fushi, wata huɗu shiru, kuma laifina ne, ba sai kin faɗa ba. Ya yara? Ya maigidan, har yanzu yana nan da tarin nan nasa na "ba komai ba ne"?

Kin tuna shekara nawa ina ce miki ni ko iska na sha sai ta zama kitse, wai jikina ba ya ƙona abinci? To, na je an auna. Aka ce kada in ci komai tun dare. Da safe aka kwantar da ni, aka kifa mini wani murfin roba a ka, na yi kusan rabin awa ba motsi, na'ura tana lissafin iskar da nake shaƙa da wadda nake fitarwa. Da haka suke gane kalori nawa jiki ke ƙonawa yana kwance (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki). Likitar ta duba takarda ta ce nawa ya fi na siririyar mace mai tsawona da shekaruna. Ya fi fa! Wato ke tsinken tsintsiya, ina barci ma na fi ki ƙona abinci. Kar ki soma dariyar nan taki.

Na ce mata ba zai yiwu ba. Ta ce mai ƙiba ai ba kitse kaɗai ta tara ba: tsoka ta ƙaru don ɗaukar nauyin, kayan ciki ma sun ɗan ƙara girma, kuma su ne masu cin. Kilo ɗaya na kitse kalori 4 zuwa 5 kawai yake ƙonawa a yini, tsoka wajen 13, hanta 200, ƙwaƙwalwa 240, zuciya da ƙoda kuwa kusan 440. Kitse dai baƙo ne mai cika ɗaki, ba ya tsinana komai. Wannan ƙonawar ta kwance ita ce kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na abin da mutum ke kashewa a yini. Maza kuma sun fi mu ne saboda sun fi mu tsoka, ba don wata baiwa ba. Ki gaya wa naki.

Af, mutuniyarki ta sake barin aiki. Karo na uku! Ta kira ni tana kuka, kafin mu ajiye waya har ta fara ba ni labarin sabon da za ta nema. Yaya ta ce ita ta cire hannunta.

Mu koma kan likitar. Na ɗauko mata uzurin shekaru, na ce ai na haura arba'in. Shi ma ta ƙwace min shi. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2021, kan mutum sama da 6,400, ya nuna in aka yi la'akari da girman jiki, ƙonawar ba ta wani sauka tsakanin shekara 20 da 60.

Amma ga abin da ya hana ni barci. In mutum ya rame, ƙonawar tana raguwa, wani lokaci ma fiye da yadda ramar ta kai, kamar jiki ya ji tsoron yunwa ya ƙulle rumbu. A Amurka an bi mutum 14 da suka yi gasar rage ƙiba ta talabijin. Bayan shekara 6, jikinsu na ƙona kusan kalori 500 ƙasa da yadda ake tsammani a yini. Sai na tuna ramar da na yi bara waccan, wadda kika yi ta yabo, da yadda komai ya dawo har da riba. Na daɗe ina zagin kaina a kan wannan, wallahi.

Yanzu likitar ta ce in bi a hankali, in riƙa ɗaga ƙarfe don kada tsoka ta zube. Ni da ɗaga ƙarfe! Jiya na fara, yau da ƙyar na riƙe biro.

Jakata ruwan toka tana wajenki ko? Kar ki ce ba ki gan ta ba, na gan ta a hoto.

Taki har kullum.