Wasiƙa ga Edita: Wahalar da Ke Bayan Hotunan Gimbiyoyi da Taurarin Fim

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ni tela ce, na haura shekara 20 ina ɗinkin kayan mata a Kano, kuma yawancin aikina kayan amare ne. Abin da ya sa na rubuto shi ne yadda jaridu da mujallu da shafukan sada zumunta suka mayar da jera hotunan matan sarakunan Turai da tsofaffin taurarin fim al'ada, a yaba siririn ƙugunsu da santsin fatarsu da tsadar rigunansu, sannan a yi shiru a kan sauran labarin. Waɗannan hotuna a shagona suke ƙarewa, cikin wayoyin 'yan mata, kowace tana miƙo mini tana cewa, "Anti, irin wannan nake so." Shi ya sa na ga ya wajaba in faɗi abin da na sani game da rayuwar wasu daga cikin matan nan, domin kyan da ake gani a hoto nauyi ne da aka ɗora musu, kuma idon jama'a ne ya fi kowa ɗora shi.

Wadda labarinta ya fi tsaya mini a rai ita ce Elisabeth, matar sarkin Ostiriya Franz Joseph, wadda aka fi sani da Sisi. An haife ta a 1837, aka kai ta fadar Biyana a 1854 tana 'yar shekara 16, yarinyar da ta tashi cikin sakewa ta faɗa gidan da komai yake da ƙa'ida, daga zama har zuwa gaisuwa. 'Ya'yanta biyu na farko mata ne, surukarta ta karɓe renonsu, fada kuma ta zuba ido tana jiran magaji, wanda bai zo ba sai 1858. A cikin wannan ƙunci, abu ɗaya da kowa ya yarda nata ne shi ne kyawunta, sai ta riƙe shi da hannu bibbiyu har ya zame mata sarƙa. Doguwa ce, amma ta hana nauyinta wuce kilo 50 ko kusa da haka, tana hawa ma'auni a kai a kai, tana azumtar da kanta, ta sa aka kafa mata ƙarafunan motsa jiki a cikin ɗakunanta na fada, waɗanda har yau masu ziyara suke gani. Ƙugunta bai wuce santimita 50 da 'yan kai ba, wato kusan inci 20. Duk telan da ya taɓa riƙe tef ya san cewa wannan awon ƙaramar yarinya ne, kuma macen da ta haifi 'ya'ya huɗu ba ta kai shi sai an ɗaure ta tamau da rigar matse ƙugu mai igiya a baya.

Gashinta kuwa, wanda ya sauko har ƙasan gwiwa, gyaransa yana cin awa biyu zuwa uku kowace rana a hannun mai gyaran gashinta, Fanny Feifalik, ranar wankinsa kuma yini guda ake sokewa. Ta kan yi amfani da waɗannan awoyi wajen koyon harsuna, ciki har da Girkanci, abin da ke nuna mace ce mai kaifin basira da aka zaunar a gaban madubi. Hoton da mai zane Winterhalter ya yi mata a 1865, da farar riga da taurarin lu'ulu'u a gashi, shi ne wanda ake ta yaɗawa har gobe. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, da ta wuce shekara 30 da kaɗan sai ta daina yarda a ɗauke ta hoto, ta riƙa kare fuskarta da mafici da laima a duk inda ta fita, don kada a ga ta fara manyanta a ce ba ita ce ta cikin zanen ba. A watan Satumba na 1898 wani mutum ya soke ta da siririn ƙarfe a ƙirji a birnin Janeba, tana da shekara 60. Saboda tsananin ɗaurin rigar ciki, jinin bai fito fili ba, ta miƙe ta taka da ƙafarta ta shiga jirgin ruwa, sai da ta faɗi aka kwance igiyoyin sannan aka ga raunin.

Bayan fiye da shekara 50 da rasuwarta, sai sinima ta sake ɗaukar wannan nauyi ta aza wa wata yarinyar. Romy Schneider, haifaffiyar Biyana, ba ta wuce shekara 17 ba lokacin da ta fito a matsayin Sisi a fim na 1955, aka bi shi da wasu biyu a 1956 da 1957. Finafinan sun goge baƙin cikin sarauniyar, suka bar murmushi da manyan riguna, jama'a kuma suka so su ƙwarai, har yanzu gidajen talabijin na Jamus da Ostiriya suna maimaita su lokacin Kirsimeti. Romy ta ƙi yin na huɗu duk da makudan kuɗin da aka yi mata tayi, ta koma Faransa don a ɗauke ta a matsayin cikakkiyar 'yar wasa, amma 'yan kallo da dama a ƙasarta suka ɗauki hakan kamar cin amana, domin gimbiyar da suka saba gani suke so ta dawwama. Ta rasu a Paris a 1982 tana da shekara 43.

A Amurka kuma kamfanonin fim ba su ɓoye cewa jikin tauraruwa jarinsu ne ba. Judy Garland ta shiga hannun kamfanin MGM tana 'yar shekara 13, kuma ita da bakinta ta ba da labarin yadda aka riƙa ƙayyade mata abinci, ana ba ta ƙwayoyin hana yunwa da na hana barci, in dare ya yi a ba ta na sa barci. Ba ta rabu da ƙwayoyi ba har suka zama ajalinta a Landan a 1969, tana da shekara 47. Rita Hayworth, wadda sunanta na asali Margarita Cansino, 'yar wani ɗan rawa ce daga Sifaniya, aka canza mata suna, aka rina baƙin gashinta ya koma ja, aka cire gashin goshinta ɗaya bayan ɗaya da allurar lantarki don kamanninta su dace da abin da kasuwa ke so. Grace Kelly ta bar fim ta auri Yarima Rainier na Monako a 1956, cikin rigar da Helen Rose ta kamfanin MGM ta tsara, rigar da har yau amarenmu suke kawo mini hotonta saboda dogon hannunta na leshi da rufin wuyanta. A 1962 aka yi mata tayin komawa fim, ta nuna sha'awa, amma ƙorafin mutanen Monako ya sa ta janye.

Labarin Gimbiya Diana ta Birtaniya ne ya fi kusa da sana'ata. Masu ɗinkin rigar aurenta na 1981, David da Elizabeth Emanuel, sun bayyana cewa tsakanin awon farko da ranar biki ƙugunta ya ragu da inci da dama, har sai da suka riƙa rage rigar. Duniya ta ga amarya 'yar shekara 20 da jelar riga mai tsawon ƙafa 25, ta yi ta tafi. Sai a 1995, a hirarta da BBC, ta faɗa a fili cewa ta daɗe tana fama da ciwon nan na cin abinci da yawa sannan a tilasta wa kai amai. Bayan shekara biyu ta rasu a haɗarin mota a Paris, masu ɗaukar hoto suna bin ta a kan babura, kuma ba su bi ta don komai ba sai don akwai miliyoyin mutane masu sayen jaridar da ta buga hotonta.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Bara wata amarya ta zo shagona na auna ƙugunta inci 30, na rubuta a littafin awo. Bayan mako uku ta dawo gwaji, rigar ta yi mata lakwam, na sake sa tef na ga 27, kuma yayin da nake soka fil a gefen rigar na ji jikinta yana rawa, sai da ta dafa keken ɗinki saboda jiri. Na zaunar da ita na ce, "Ƙanwata, me kika ci yau?" Ta ce shayin rage ƙiba kaɗai take sha, domin ta ga irin maganganun da aka rubuta a ƙarƙashin hotunan bikin ƙawarta a Instagram, kuma gara ta wahala da a yi mata haka. Na ƙi ƙara rage rigar ko da rabin inci, na kira mahaifiyarta na gaya mata abin da na gani. Wasu kuma akasin haka suke zuwa, sun sha maganin ƙiba har fuska ta kumbura, ko sun shafa man bilicin har gaɓoɓin yatsunsu sun yi baƙi sun bambanta da sauran hannun. Ni mai son kwalliya ce, da ita nake ci nake sha, kuma babu abin da ke faranta mini rai kamar in ga ɗinki ya zauna a jikin mace. Amma aikin tela shi ne ya yanka yadi daidai da jiki, kuma yana ci mini rai in ga yarinya tana ƙoƙarin rage kanta don ta shiga awon wata mata da ta rayu tana ɓoye fuskarta da mafici.

Roƙona gare ku, ranka ya daɗe, shi ne duk ranar da za ku buga hoton Sisi da taurarinta na lu'ulu'u, ko na Diana a rigar aure, ku ba da ko da sakin layi biyu ne ga awoyin zaman gyaran gashi da yunwar da ƙwayoyin, kuma ku gayyato likita a shafin mata ya yi wa masu karatu bayani da Hausa a kan illar shayin rage ƙiba da maganin ƙiba da man bilicin, musamman gab da lokutan bukukuwa, lokacin da shagunanmu suka fi cika da amare.

Na gode da ba ni fili. Wassalam.

Taku,
Wata tela daga Kano