Charlotte ce ta sha bulalar laifin majalisa

Ranka ya daɗe Edita,

Na karanta rahotonku kan matakin hukumar ƙwallon kwando ta NBA na ɗauke wasan taurarinta na 2017 daga birnin Charlotte a Amurka, saboda dokar HB2 da Gwamna Pat McCrory na jihar North Carolina ya sanya wa hannu a watan Maris na 2016.

Charlotte ce fa ta kafa dokar hana nuna wa 'yan luwaɗi, 'yan maɗigo da masu sauya jinsi wariya, majalisar jiha ta yi zaman gaggawa ta soke ta a yini guda ta hanyar dokar HB2. Sai kuma ga shi birnin ne ya ɗanɗana kuɗarsa a 2016. Kamfanin PayPal mai hada-hadar kuɗi ta intanet ya fasa buɗe cibiyar da za ta ɗauki ma'aikata 400 a can. Direban tasi da mai gyaran ɗaki a otal, waɗanda suka sa rai da cinikin baƙi, ba su da kujera a majalisa.

Shawarata a lokacin ita ce, maimakon ƙaurace wa birnin, kamfanoni su daina bai wa 'yan majalisar da suka yi dokar gudunmawar yaƙin neman zaɓe, su bar wa masu ƙuri'a hukunci a zaɓen watan Nuwamba na 2016.

Naku,
Mai karatu