A sake duba maganar zuma da kumburi

Assalamu alaikum Malam Edita,

Raina ya ɓaci da shirinku na lafiya na rediyo na makon jiya, kuma har yanzu ban huce ba. Baƙon naku ya ce bincike ya nuna zuma tana kwantar da kumburi a ƙwayoyin garkuwar jiki, mai gabatarwa ya yi caraf ya ce ke nan masu amosanin gaɓɓai sun huta. Ba wanda ya tambaya a ina aka ga wannan kwanciyar kumburin.

A ɗakin gwaje-gwaje aka gani. Fararen ƙwayoyin jini ake ɗebowa, irin waɗanda ake kira makrofaj, a zuba a ɗan faranti, a tsokane su da gubar bakteriya har su fara fitar da sinadaran kumburi irin su TNF-alfa da IL-6, sannan a ɗiga musu zuma a ga ko za su lafa. Sau da yawa suna lafawa, ban musa ba, kuma ana danganta hakan da sinadaran tsirrai da ƙudan zuma ke kwasowa daga furanni, kamar kwasetin. To amma zumar da aka sha ai ba haka take isa gwiwa ba. Hanji ya tsotse ta, hanta ta sarrafa, abin da zai kai ga gaɓa ɗan ƙyas ne. Kusan kashi 80 cikin 100 na zuma sukari ne. A 2003 ma wasu masu bincike a Cardiff ta Birtaniya akasin haka suka gani: zuma ta sa ƙwayoyin monosait, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, sun ƙara fitar da TNF-alfa. Me ya hana a faɗa wa masu sauraro wannan?

Mahaifiyata ta yi shekara da shekaru tana fama da amosanin gaɓɓai. Yatsunta sun karkace, da safe sai ta tsoma hannu a ruwan ɗumi kafin ta iya murɗe murfin kwalba. Tare muka ji shirin. Washegari na tarar da maganinta yana nan yadda na ajiye, ba ta taɓa ba, ga kwalbar zuma da cokali a gefen gado. Na ce, "Umma, maganin fa?" Ta ce, "Ai masani ne ya faɗa a rediyo." Baiwar Allah nan tana da ciwon sukari! Da na auna ta da yamma, sukarin ya yi tashin da ya sa gabana ya faɗi. Sai da muka yi ta lallashi, ƙanena ya kira likitanta ya yi mata magana da kansa, kafin ta yarda ta koma kan magani. Tsohuwar da ciwo ya hana barci, duk wanda ya ce mata ga sauƙi za ta kama, balle a ce ku ne, da ta fi yarda da ku fiye da mu 'ya'yanta.

Ba raina zuma nake yi ba. A kan rauni tana aiki, domin a nan tana taɓa wurin kai tsaye. Bitar da ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken lafiya, ta yi a 2015 ta nuna ƙunar da ba ta yi zurfi ba takan warke da wuri da kwana 4 zuwa 5 idan aka yi amfani da zuma maimakon wasu bandejin da aka saba. Zumar da asibitoci ke sa wa rauni kuwa an kashe ƙwayoyin cutar cikinta da wani haske mai ƙarfi da ake kira hasken gama. Da wannan aka yi bayani, da ba za ku ji ni ba. Ko gargaɗin kada a ba jaririn da bai kai shekara 1 ba zuma, saboda cutar botulizim mai shanye jiki, ba a yi ba.

Sannan layin wayar nan da kuke ta karantowa, wa yake ɗauka? Na yi ta kira tun shirin bai ƙare ba, sai ƙara kawai. Talla kuma ta cinye lokacin tambayoyi.

Ina roƙo ku gayyato likitan gaɓɓai a shiri na gaba, ya faɗa da bakinsa cewa kada kowa ya ajiye maganinsa saboda zuma. Umma za ta saurara.

Wassalam,
Mai sauraronku na kullum