Tsadar Naman Shanu a Legas

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ka ba ni fili in yi tsokaci kan tsadar naman shanu a Legas. Sa ɗin da ake yankawa a mayankar Oko-Oba da ke Agege daga kasuwannin Arewa irin su Potiskum ko Maigatari yake zuwa, wani ma daga Nijar, inda ake ciniki da sefa ga naira ta faɗi. Kwana biyu zuwa uku yake yi a tirela, ga tsadar dizal, ga kuɗin shingaye. Kafin ya sauka ya rame, wani ya karye a hanya, kuma duk asarar kan mai saye take komawa.

Yanzu uwargida ba ta tambayar kilo. Kashi take nunawa, a yanka mata tsoka uku, a cika da ganda da kayan ciki don miya ta yi ƙamshi. Masu tsire sun ƙanƙance yanka. Wasu magidanta sun koma watanda, mutum goma su haɗa kuɗin sa guda, sai dai in wuta ta ɗauke firiji ya saki, naman ya lalace.

Ina roƙon hukumomi su rage shingayen nan, su kuma tallafa a riƙa yanka a Arewa ana kawowa cikin motocin sanyi.

Naka,
Mai karatu daga Agege, Legas