Gaisuwar Babbar Sallah daga Cromer

Assalamu alaikum Baba. Barkanmu da Sallah, Allah Ya maimaita mana. Ni dai hutun rabin yini na samu, na yi Idi a birnin Norwich na dawo bakin aiki nan Cromer, a yankin Norfolk na Ingila. Ragon gida kuwa a hoton da Yaya ya turo na gan shi, tubarkalla.

Ka ce in riƙa ba ka labarin inda nake zaune. Tsohuwar da nake jinya ta sa na raka ta ƙauyen Overstrand, inda aka binne Thomas Fowell Buxton, wani ɗan majalisar Birtaniya mai yaƙi da bauta, a 1845. Nan kusa gidansa yake, Northrepps Hall. Dukiyarsa daga kamfanin giya na Truman a Landan ta fito (na san Inna za ta yi a'uziyya), da ita ya sayi filaye a Norfolk yana dasa itatuwa. Ya wakilci Weymouth a majalisa daga 1818 zuwa 1837, kuma shi ya gaji William Wilberforce a jagorancin yaƙi da bauta har aka yi dokar soke ta a 1833. Sai dai diyyar fam miliyan 20 iyayengijin bayi aka biya, bayin ko sisin kwabo. Wannan ya tsaya mini a rai.

Abin da ya kawo iyalinsa yankin nan makoki ne. A 1820 shi da matarsa Hannah suka binne 'ya'ya huɗu cikin 'yan makonni, tarin shiƙa da ƙyanda, sai suka tattara suka bar Landan. Duk kuɗinsu, Baba, cutar da yau ake wa jarirai allurarta kyauta.

Ashe ma hannunsa ya kai ƙasarmu. Da shawararsa aka tura jiragen ruwa uku Kogin Kwara a 1841, da Samuel Ajayi Crowther, Bayeraben da daga baya ya zama bishop, a ciki, suka buɗe gona a Lakwaja wai cinikin auduga ya kashe cinikin bayi. Zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40, gonar ta watse, Buxton kuma bai ƙara lafiya ba. Niyyarsa na yarda da ita, amma mutumin da bai taɓa taka Afirka ba ya zauna Norfolk yana tsara mana noma.

Na turo kuɗi ta hannun Yaya, a ba Gwaggo rabonta, a raba wa yara goron Sallah. A gaida Inna, a ce mata yajin da ta aiko ya kusa ƙarewa.

'Yarka